Bajamushe a Kan Sorona

Ni ne Bahaushe na farko da ya gina soro mai hawa a unguwarmu ta Garwa, duk wanda ya ce maka ba haka ba ne hassada ce ke cinsa. A zamanin Jamus ne. Ina fataucin kanwa da tufafi, Allah ya buɗa mini, sai na aika har ƙasar Kano aka zo mini da magini. Ya yi mini soro da azara, da matakala ta ciki, da rawani, da indararo. Fulanin gari sukan tsaya su ɗaga kai su ce kaɗo ya haukace, yana son ya kwana kusa da gajimare. Ni kuwa daɗin maganar nake ji, don me zan ɓoye.

Katanga ɗaya ce tsakanina da aminina. Baduku ne, Bazazzagi, ayari ɗaya ya kawo mu Adamawa muna samari ba mu da ko jaki. Ni Bakano, to ka san abin da ke tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba sai bawana, ni kuma kullum ina tuna masa cewa har yau ba a haifi Bazazzagi mai wayo ba. Kowace yamma akushinsa da nawa sukan haɗu a ƙofar gida mu ci tare muna zagin garuruwan juna. In ka cire shi ba ni da ɗan'uwa a ƙasar nan, ko na ƙarya. Wannan mutum ne tauraro ya shiga tsakanina da shi, tauraron sama kuwa, ba wata magana nake sayawa ba.

Farkon bazara tafintan bariki ya yi mini sallama, a bayansa wani Bajamushe matashi, siriri, wuyansa ya yi ja don rana. Ba soja ba ne, ba ɗan kasuwa ba. Tafinta ya ce ɗalibi ne. Na dubi gemunsa na ce ɗalibi kamar yaya, a wannan shekaru? Sai aka bayyana mini cewa a ƙasarsu mutum yakan sauke karatu, a yi masa addu'a, sannan malamansa su ce ai bai yi komai ba tukuna, sai ya je ya nemo abin da su kansu ba su sani ba, ya kawo musu, kafin su yarda a kira shi dokta. Na ce lalle malaman Jamus sun iya zama a inuwa. Shi nasa malamin yana can cikin sanyi a kan kujera, ya zaɓar masa tauraron da ba a gani daga ƙasarsu, ya ce je ka Garwa.

Ba Zara ba ce, ba gamzaki ba, ba kaza da 'ya'yanta ba, balle mutum ya ce ko zai gaya mana lokacin shuka. Wani ɗan tauraro ne can kudu, wanda ko suna ba mu ba shi ba don bai isa ba. Laifinsa ɗaya, wai haskensa yakan ƙaru ya ragu, ya sake ƙaruwa. Ɗalibin yana zaton taurari biyu ne suke kewaya juna, ɗaya yana tare ɗaya, kuma ya zo ya tabbatar. Yana da wani bututun tagulla mai madubi, tsawonsa ya kai taɓarya biyu, da wani ɗan gilashi mai kusurwa uku da yake tsaga hasken ya zama bakan gizo. Ya ce daga launukan nan yakan gane abin da ke ci a cikin wutar tauraro, har da ƙarfe. Na ce a gaya masa kada maƙeran garin nan su ji, sai su fara haɗa tsani. Tafinta bai juya wannan ba.

A bariki sojoji sun hana shi sakat da wutarsu da hayaƙinsu da dariya, kwamanda kuma ya gaji da ganinsa. Sai aka duba gari aka ga rufi ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, mai ƙarfi, mai kallon kudu. Tafinta ya ce kwamanda yana gaishe ni, yana roƙon in ba da aron kan sorona. Roƙon kwamanda kuwa irin wanda ake yi ne da soja biyu tsaye a bakin zaure. Na ce ai gidan ma nasa ne.

To ga al'adarmu, don wanda bai sani ba. Gidajenmu a buɗe suke ta sama, tsakar gida ta mata ce, nan suke daka, nan suke kitso, nan suke kwana da bazara. Saboda haka namiji ba ya hawa rufi ko bishiya sai ya ɗaga murya ya ce za a hau. Da an ji, kowace mace ta shige ɗaki, ba ta fitowa sai an ce an sauko. Mai yaɓe yakan yi aikinsa da hantsi ya sauko, mai kaɗe tsamiya ko tafasar tukunya ba ya kaiwa. Ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ni da nake mutumin kirki, ɗan asali, na zaunar da baƙona na koya masa kiran, don kada a ce an kawo marar tarbiyya unguwa ta hannuna. Har gobe ban ga laifina a nan ba.

Kai, ban taɓa ganin ɗalibi irin wannan ba. Ya maimaita, ya maimaita, har ya fi ladaninmu fitar da harafi. Da an idar da magariba sai ka ji shi a gindin matakala, ya cika ƙirji:

"Za a hau! Za a hau soro!"

Sannan ya haye da fuskarsa fes, yana ganin ya biya kowa haƙƙinsa. Shi a fahimtarsa kiran neman izini ne, kamar sallama, ka yi ka wuce. Ba wanda ya gaya masa cewa kulle ƙofa ne ya yi a kan matan gida goma sha wani abu. Kuma ba ya saukowa sai gari ya waye, ya tsaya a ƙasa ya ce an sauko, da murmushi, ya tafi ya yi barcinsa.

Wanda bai yi bazara a Garwa ba kada ya sa mini baki. Ɗaki yakan sha rana tun safe, da dare ya amayar da ita. Katanga in ka jingina sai ka zabura. A wannan yanayin ne ladabin baƙona ya tura mata da jarirai cikin ɗakuna. Abin takaicin, da ɓarawon ido ne ya hau shiru, da sai a tsine masa a ci gaba da shan iska, zunubin yana wuyansa. Amma tunda ya kira, nauyin ya dawo kan na ƙasa, wadda duk ta zauna a waje bayan kira ita ce marar kunya. Mai ɗakina ba ta yi dogon zance ba. Ta kwashi yara ta tafi gidan yayarta a bakin kogin Binuwai, ta ce ran da tauraron ya gama abin da yake yi a aiko mata.

Matar aminina ba ta da inda za ta. Ga ta da tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura, kuma gidansu ne manne da nawa. Sannan ga wani ƙarin gishiri: tauraron nan mai albarka ba ya tashi sama sosai, can ƙasa-ƙasa yake rataye, daidai saman katangar baduku. Duk mai wucewa yana ganin bakin bututu a sunkuye yana kallon gidan. Mutanen Garwa kuwa, Allah ya ba su lada, ba sa barin magana ta kwana da yunwa. Kafin kasuwa ta sake ci an gama yanke hukunci cewa bature ya ga abin da ya fi tauraro haske.

Aminina ya yi haƙuri iya haƙuri. Wata yamma muna cin tuwo ya ajiye lomarsa, ya ce, "Bawana, matar nan ba ta barci. Jiya a zaune ta kwana tana fifita. Ka yi wa baƙonka magana." Bai ambaci abin da ake faɗa a kasuwa ba, ni ma ban ambata ba. Amma na ga idonsa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba sai ran nan.

Washegari na sa tafinta a gaba muka sami ɗalibin. Da aka fahimtar da shi abin da kiransa yake yi, sai jan wuyan nan ya hau har kunne. Ya dafe kai. Ya tambaya ko tun ranar farko, aka ce tun ranar farko. Nan take ya ce to zai daina kira, ya riƙa hawa shiru. Muka kai wa liman, liman ya shafa gemu ya ce wanda ya riga ya sani ba ya komawa bai sani ba, duk unguwa ta san yana sama, shirunsa ba zai fito da kowa ba. Ɗalibin ya ce to a kewaye rufin da zana. Aka kafa zana, ta rufe gidan baduku, ta rufe tauraron tare da shi, aka cire. Na ce to ya huta mana kaɗan har matar ta sauka lafiya. Sai ya kusa kuka. Wai tauraron yana tsakiyar dusashewa, in ya tsallake wannan zagayen duk abin da ya tara ya zama banza, ga damina tafe da gajimare, ga malaminsa ba ya jin uzuri. Na dube shi, ƙato da gemu yana marairaicewa saboda ɗigon haske, wallahi sai ya ba ni tausayi, haushi kuma bai tafi ba.

Shi ne ya kawo shawarar da ta gama da mu, da kyakkyawar niyya, kamar yadda ya saba. Ya ce a hawo da maƙwabcin ya sa ido a bututun da kansa, ya ga ba abin da yake nunawa sai sama, ya je ya gaya wa mutane. Na ce madalla da ilimi. Ni har da wani farin ciki na daban, don tun da na gina soron nan aminina bai taɓa hawa ba. Kullum cewa yake ba zai ɗora ransa a kan ƙasar da Bakano ya kwaɓa ba. Gaskiyar ita ce tsoron bisa yake yi, ko kan jaki ba ya son daɗewa.

Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin a hau da sauran haske don ya ga inda yake sa ƙafa. Muka idar da magariba, ɗalibi ya rangaɗa kiransa, muka ji ƙofofi suna rufuwa, muka hau. Aminina yana dafe da bango yana karanto duk addu'ar da ya sani. Da ya kai sama ya miƙe, ya sauke numfashi, ɗalibin yana ta nuna masa inda zai sa ido. Bai ko dubi bututun ba. Ƙasa ya duba.

Ga gidansa nan a shimfiɗe kamar faifai. Ga tabarmar da matarsa ta tashi ta bari, da mafici a kai. Ga ɗakin baya da ya rushe tun bara, wanda ya ce mini ya gyara. Ga tukunya ɗaya a murhu, ƙarama. Ga rumbunsa, hular ta zame gefe ba wanda ya damu ya mayar, don ba abin da za a rufe a ciki. Daga inda muke tsaye har gindin rumbun ana gani.

Mutumin nan, ka sani, bai taɓa fitowa ƙofar gida da riga mai datti ba. Akushinsa kullum a cike yake zuwa, amma abin da ya rage a cikin gida ne ba ya cika. Ni na sani, na daɗe da sani. Nakan hau shanya barkono ko duba indararo, in yi kirana kamar kowa, mata su shige, amma rumbu ba ya shiga ɗaki. In na ga ya yi ƙasa sai in sa a kai masa dawa, in ce ga gaisuwar bawa ga ubangidansa, ya yi dariya ya ce an fara hankali, ya karɓa. Shekaru muna haka, yana zaton wasa ne ya faɗo a kan gaɓa.

Ya daɗe yana kallo. Ɗalibin ya matsu, ya ce tauraro ya fito, a zo a gani. Aminina ya je ya sunkuya ya sa ido, don kada ya kunyata baƙo. Aka tambaye shi me ya gani, ya ce ya ga ɗigo. Ɗalibin ya yi ta murna yana cewa to ka gani, ɗigo ne kawai, ba mata, ba gida. Tafinta yana juyawa, ba mai sauraro.

Sai aminina ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ashe shi ya sa dawa take zuwa."

Na buɗe baki in yi wasa, wasa ya ƙi zuwa. Na ce haba, tsakanina da kai? Ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya saka da alheri." Malam. Ni. Ya juya ya sauka matakalar nan shi kaɗai, ko bango bai dafa ba.

Ya cika alkawari, ba ni da abin da zan ce. Ya gaya wa mutanen kasuwa cewa bututun bature ba ya ganin komai sai sama, magana ta mutu. Ya kafa wa matarsa rumfar zana a tsakar gida, mai rufi, ta riƙa kwana a ƙarƙashi, ban san dalilin da ya hana mu tunanin wannan tun farko ba, mu da ɗalibin ilimin taurari da liman. Ya mayar wa rumbunsa hula, ya ɗaure ta tamau da igiya.

Akushinsa bai daina fitowa ba, da ma ya daina. Sai ya dawo da nama a kai kullum, wani lokaci har da man shanu yana ƙyalli. Na san abin da baduku yake samu a bazara, na san daga bakin wa aka cire wannan naman. In na ci, na ci abincin mai ciki. In na ƙi ci, na ce masa matsiyaci. Sai in tsakura in yi ta yabon miya, shi kuma ya tambaye ni lafiyar iyali, da gajiya, da labarin kasuwa, tsaf-tsaf, kamar baƙon da aka haɗu da shi a jirgin fito. Na zagi Zazzau tun daga ganuwa har cikin fada ko zai tanka. Ya ce ai kowane gari da nasa. Na rasa inda zan sa kaina don baƙin ciki.

Hadarin farko ya kori ɗalibin. Ya zo sallama da fara'a, ya ce tauraron ya dusashe ya dawo daidai yadda ya zata, ya riƙe hannuna biyu yana godiya, ya ce ba zai manta da kirkin mutanen unguwar nan ba, musamman maƙwabcina. Daga baya tafinta ya gaya mini cewa malamin nasa ya duba aikin ya ce ba laifi, amma zagaye ɗaya ba ya zama hujja, sai an ƙara. Ko ya zama doktan ko bai zama ba, oho. Na dai roƙi Allah in za a ƙara, a ƙara a kan soron wani.

Ran da ya tafi na ɗauki gatari na rushe matakalar da hannuna, ban kira magini ba. Na yi ta dukanta da ƙarfi don a ji ta bayan katanga. Mai ɗakina, da ta dawo ran nan, ta tsaya tana kallona ta ce tauraron ni ya kama ashe. Aminina ya leƙo zaure, ya ga tarin ƙasa, ya gan ni fari fat da ƙura, ina gumi. Na tsaya ina haki ina jiran ya ce wani abu, ko da zagi ne. Ya ce sannu da aiki, ya wuce masallaci.

Ba a daɗe ba matarsa ta sauka, namiji. Guɗa ce ta gaya mini, ta saman katanga. A al'adarmu amini ba a gayyatarsa suna. Shi ake tasa tun kafin a yanke cibiya, shi yake zaɓen rago, shi yake yawo gida-gida yana rabon goro yana cewa gobe da safe a gidanmu. Na wanke babbar rigata na ajiye, na zauna a zaure ina jira a kira ni. Na yi ta jira har ana gobe suna.

Da la'asar wani mutum ya yi sallama, baduku ne shi ma, daga can ƙarshen unguwa, sanin fuska kawai na yi masa. Yana riƙe da ƙwarya an rufe da ɗanyen ganye. Ya gaishe ni da ladabi, ya zaro goro biyu ya miƙo mini, ya ce ana gayyatata suna gobe da safe. Sannan, don kada in ɓata, ya nuna mini gidan da hannu.